Firjin Aro

A duk Tungar Ɗanbaushe babu wanda ya kai firjin asibitinmu yawo. Ni Bara'atu, da na tsufa ina bandar kifi a bakin gulbin Rima, zuwana Rabah bai taka kara ya karya ba. Amma firjin nan ya san hanyar Rabah, ya san ta Goronyo, har ramukan titi ya sani. In aka ga a-kori-kurar Sale ta fito da wani abu dogo lulluɓe da tabarma, sai matasa su ɗaga hannu su ce, "Alhaji, a sauka lahiya!" Sunan da suka laƙaba wa firjin ke nan.

Wata ƙungiya ce ta kawo mana shi, fari tas, mai aiki da hasken rana. A cikinsa ake ajiye alluran rigakafin yara, da wata 'yar allura da ake yi wa mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Wannan allurar na san ta sanin da ba na fatan kowace uwa ta yi mata. A haihuwar ɗiyata Sauda ta fari, abin da ta haifa bai zo da rai ba, ita kuma jini ya ƙi tsayawa har leɓunanta suka yi fari. Sista Elisabatu, ungozomar asibitin, mutuniyar kudancin Kaduna da ta daɗe a cikinmu, ta buɗe firjin ta zaro allurar ta soka mata a cinya, ina tsaye jinin ya ja baya. Daga baya ta gaya mini allurar ba ta shiri da zafi. In ta daɗe a cikinsa ƙarfinta tafiya yake, kuma ido ba ya bambance mai rai da matacciya.

Masu bincike ne ke fitar da firjin yawo. Daga birni suke zuwa duba asibitocin ƙauye, kuma labarinsu kan riga su isowa, har da garin da za su fara da wanda za su ƙare. Malam Lawwali, inchajin asibitinmu, yana da abokai biyu da suka yi makarantar aikin lafiya tare, ɗaya yana riƙe da asibitin wani ƙauye a ƙasar Rabah, ɗaya a ƙasar Goronyo. Dukansu firjinsu ya mutu tuntuni. Asibitin da aka tarar ba shi da firji mai aiki kuwa, cire shi ake daga rabon allurai, mata su koma doguwar tafiya da goyo, inchaji ya sha tambaya kamar shi ya kashe abin da hannunsa. Don haka sai namu ya riƙa shiga gaban baƙin. Su tarar da shi a Rabah yana ƙugi, su tarar da shi a wurinmu, su je Goronyo ya riga su, kowane wuri su yaba su wuce.

Kada wani ya ce mun ɗauki abin a matsayin ha'inci. Mu nan in za a yi wa amarya jere, tasoshi da kwallayen maƙwabta ake haɗawa a cika bango, 'yan ganin ɗaki su gani su yi guɗa, in an watse kowa ya zo ya ɗauki nasa. Wa ya taɓa kiran wannan ƙarya? Rufin asiri ne, kuma haka muka ɗauki aron firji. Sista kaɗai ce ba ta dariya in an yi wa Alhaji sallama. Duk lokacin da ya tafi, sai ta kwashe alluran ta zuba a kula da ƙanƙara, ƙanƙarar kuma kafin la'asar ta zama ruwa. Bayan wata irin wannan tafiya ne ta yi wa Sabuwa matar ladan allurar har sau biyu ba ta kama ba, da ƙyar aka isa da ita babban asibitin Wurno da sauran numfashi.

A shekarar da nake ba da labari Sauda ta sake samun ciki, watan haihuwarta kuma ya faɗo a tsakiyar bazara. Wata rana na raka ta awo, muna zaune a benci muka ji muryar Sista daga ofishin Malam Lawwali, don ƙofar ba ta rufuwa.

"Malam, na ji an ce wannan karon in firjin ya je Goronyo ba zai dawo da wuri ba."

"Wasu baƙi na tahe musu bayan waɗanga," in ji shi. "Shi ɗan zamna can har su wuce, sannan shi dawo."

"Ina da mata masu tsohon ciki. Ga Sauda can a waje, ka san yadda ta yi wancan karon."

"Na sani, Sista. To mi kika so in yi? In ce ma mutumen da munka ci tuwo kwano guda a'a? Ranar da namu yal lalace, wa za shi ruhwa muna asiri?"

Malam Lawwali ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba, ko akuya ce ta shigo ofishinsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Sista ta fito idanunta jajur, ta auna Sauda. Sauda kuwa, da ba a raba ta da tsokana ko a gidan makoki, ta ce mata, "Sista, wagga huska taki sai ta sa ɗan cikin shi hwasa hitowa." Sai da ta sa ta murmushi.

Ranar bincike aka share asibiti har bayan gida, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka aro labule daga gidan mai unguwa. Ni aka sa na soya wa baƙi tarwaɗa, shi ya sa komai ya faru a gabana. Alhaji ya dawo daga Rabah tun da safe, an goge masa ƙura an tsayar da shi a kusurwarsa. Motar Sale kuma tana laɓe a bayan makaranta, tana jiran baƙi su juya baya.

Shugaban masu binciken wani siririn dattijo ne, Malam Iliyasu. Ya leƙa ɗakin haihuwa, ya murɗa famfo, ya buɗe firji ya sa hannu ya ji sanyi, ya gyaɗa kai. Har ya juya zai fita ya yi tambayar nan da ake yi don cika baki, "Akwai mai wata magana?"

Sai Sista ta ce, "Akwai, ranka ya daɗe."

Duk muka juya. Hannunta na riƙe da bakin tebur.

"Wannan firjin ba yau kuka fara ganinsa ba. Shi kuka gani a ƙasar Rabah. In kun je Goronyo, shi za ku sake gani. Motar da za ta kai shi tana bayan makaranta. Asibitocin can ba su da firji, mu ma in ya tafi ba mu da shi, alluranmu lalacewa suke."

Ni da nake riƙe da farantin kifi na rasa inda zan ajiye shi. Kunya ta kama ni kamar ni aka yi wa tsirara a kasuwa, don a gaban baƙo aka yi maganar, kuma mai unguwa na tsaye.

Malam Iliyasu ya dube ta. "Kin san nauyin abin da kinka hwaɗi?"

"Na sani."

"Don mi ba ki hwaɗi ba tun bara?"

"Tsoro nake ji. Yanzu ma ina ji."

Ya juya ga Malam Lawwali. Bawan Allah bai musa ba, hularsa kawai ya cire ya share zufa da ita. Ba zan ci haƙƙin Malam Iliyasu ba, mutumin nan ya yi aikinsa. Ko kallon tarwaɗata bai yi ba, ya sa aka juya mota suka koma ƙasar Rabah ba sanarwa, suka tarar da kusurwar da suka yaba wayam, sai shatin ƙafafun firji a kan siminti.

Mun ɗauka shi ke nan, Alhaji ya yi ritaya daga yawo. Ba a daɗe ba sai ga wata mota daga birni da ma'aikata. Wai tunda asibiti uku kowanne ya rantse firjin nasa ne, an kafa kwamiti, kuma kwamiti sai ya ga shaida da idonsa. Sista ta tare ƙofa da jikinta.

"Ku ɗauki hotonsa mana! Ku rubuta lambarsa, ku bar mana shi. Ina da masu haihuwa."

"Umurni na, Sista," in ji babbansu. "Kwana kaɗan na, a maido muku."

Ta kira Malam Iliyasu a waya a gabansu. Ya ce shi ma ya roƙa a bar shi inda yake, an fi ƙarfinsa, amma zai bi maganar. Haka aka ciccibe shi aka sa a mota, ba tabarma ba komai. Ranar babu wanda ya ɗaga masa hannu.

Aka dakatar da Malam Lawwali daga aiki. Gari kuwa ya juya wa Sista baya gaba ɗaya. A majalisar maza ana cewa baƙuwa ta zo ta tona mana asiri, ta raba mutum da abincin iyalinsa, ta kuma raba mu da firji. Matan da ta karɓi haihuwarsu da hannunta suka koma kau da kai in sun haɗu da ita a hanya. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarta. Ni dai ba na iya ajiye magana a ciki, na saka mayafi na same ta a ɗakinta da ke bayan asibiti.

"Sista, da can shina tahiya shi dawo. Yanzu hwa? Ɗiyata ta kusa, mi za ki soka mata?"

"Inna, ban san za su ɗauka ba," in ji ta. "Wallahi ban sani ba. Don ya zauna na yi magana."

Ta nuna mini wata randa da ta binne a cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗakin, alluran na ciki a ƙunshe cikin leda. Duk wanda zai shiga Wurno sai ta roƙe shi ya taho mata da ƙanƙara, wasu su kawo, wasu su ce sun manta. Na sa hannu a randar. Sanyin da ke ciki na ruwan sha ne kawai.

Sauda ce kaɗai ba ta canza mata ba. Da tsohon cikinta take dama fura ta kai mata, ta zauna ta cika ta da surutu. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Inna, ki bar ta ta sha iska. Ita ta Allah ya yi sanadi nit tashi wancan karo, kin mance?" Ban mance ba. Tsoro ne ya hana ni sakewa da kowa a kwanakin nan.

Sista ba ta zauna jiran kwamiti ba. Ta kira Uwaisu, mijin Sauda, ta ce da zarar watan ya kama a kai ta Wurno ta zauna gidan ƙanwarsa kusa da babban asibiti, kada a yi gangancin haihuwa a nan. Uwaisu ya yarda, muka haɗa kaya a buhu, har garin kunu na daka. Kwana kaɗan da aka ce kuwa ya zama makonni, zafi ya sauko irin wanda ke sa tsuntsaye buɗe baki a inuwa. Duk sanda Sista ta yi waya, sai a ce kwamiti bai zauna ba tukuna.

Naƙuda ba ta jira watan ya kama ba. Bayan azahar ta taso, Uwaisu na fadama yana ɗura albasa a buhu, motar Sale ta tafi kasuwa da kaya. Muka riƙo Sauda zuwa asibiti da ƙafa. Haihuwar ta zo da sauƙi har na fara hamdala, mace ce, ƙarama amma da kuka mai ƙarfi. Sauda ta ɗaga kai ta leƙa ta, ta ce, "Kai, wagga hancin Inna ta kwaso, Allah sarki." Muna cikin dariya na ga fuskar Sista ta canza.

Jinin ya zo kamar wancan karon. Ta ruga ta ɗauko allura daga randa ta soka. Muka jira, bai tsaya ba. Ta sake wata. Ta sa mata ƙarin ruwa, ta hau danna mata mara da hannu biyu, tana kiran sunan Allah da yarensu, ni ina kira da nawa. Na fita ba mayafi ina kururuwar a nemo mota. Kafin a samo ta wani mai sayen shinkafa da ya shigo gari, zannuwan da ke asibitin duk sun jiƙe.

A bayan mota kan Sauda na bisa cinyata, Sista na durƙushe tana danne da marar ba ta saki ba, duk ramin da muka faɗa sai goshinta ya bugi ƙarfe. Sauda ta buɗe ido ta ce, "Inna, mun kai?" Na ce mun kusa. Gaskiya na faɗa mata, don ana hango dogayen ƙarafan waya na Wurno. Daidai rumfunan da ake ajiye albasa na ji kanta ya yi nauyi a cinyata. Na yi mata kalmar shahada a kunne, na shafe idanunta. Sista ba ta daina dannawa ba. Na ce mata ta bari, ba ta ji ba, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ba ni da abin da zan ce game da kwanakin da suka biyo baya. Ɗiya mace ɗaya gare ni, ta tafi, kuma har yau in na dama fura sai na zuba kofi biyu kafin na tuna. Sista ta zo zaman makoki kullum, ta zauna a bakin ƙofa inda ake ajiye takalma, matan da ke kusa su ɗan ja tabarmarsu. Jaririyar aka sa mata Khadijatu. Larai, matar wan Uwaisu, da ke da goyo, ita ta haɗa ta shayar, ni kuma nake kwana da ita.

Da damina ta kankama sai ga motoci. Ashe Malam Iliyasu bai bar maganar ba, ya yi ta hawa da sauka har aka ba asibitocin nan uku kowanne sabon firji, aka kuma ce daga yanzu masu bincike ba za su ƙara sanar da ranar zuwansu ba. Aka maido Malam Lawwali da gargaɗi. Aka yi taro a filin makaranta da makaɗa, manya suka yi jawabi suka gode wa juna, babu wanda ya ambaci sunan Sista. Bayan taro Malam Iliyasu ya tako har gidanmu ya yi mini ta'aziyya, ya kasa haɗa ido da ni. A bakin direbansa na ji cewa tsohon firjin yana can a wani ofis a birni an ɗora masa tulin takardu, kwamitin bai taɓa buɗe shi ba.

Ranar rigakafi ta farko na goya Khadijatu na tafi. Na bari sai da layi ya ƙare na shiga. Sista ta rame, farar rigarta ta yi mata yawa. Ta karɓi yarinyar ta duba idonta da cibiyarta, ta maido mini, sannan ta buɗe sabon firjin. Daga inda nake zaune na hango su a jere a shiryayyen sama, 'yan kwalaben nan, sun yi raɓar sanyi, sun ishi matan garin nan kaf. Ta tsaya tana kallonsu, hannunta a kan murfin.

"Inna," ta ce, ba ta juyo ba. "Da na yi shiru, da yana Goronyo ranar nan. Da mai babur ya je ya kawo mini mai sanyi kafin a samo mota. Kullum sai na auna hanyar a raina. Ki gaya mini, da na yi shiru, da Sauda na nan?"

Ni ma na auna hanyar nan, ba sau ɗaya ba. Wata rana babur ɗin yakan iso a kan lokaci, wata rana ba ya isowa. Na so in ce mata a'a don ta samu barci, bakina ya ƙi. Na so in ce mata i don in samu wanda zan ɗora wa, shi ma ya ƙi.

"Ban sani ba," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta daɗe a haka, firjin a buɗe, Khadijatu na ta mutsu-mutsu a cinyata. A waje na ji wata mai tsohon ciki ta yi sallama tana tambaya ko Sista na nan. Na miƙe da yarinyar a kafaɗa, na dafa bayanta.

"Ɗauko allurar yarinyag ga ki ruhe shi, ɗiyata," na ce. "Sanyin na hita."